Na Musanya Allurar Yara Biyu a Aikin Dare: In Kai Rahoto ko In Yi Shiru?

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce, shekarata ta biyu ke nan a aiki, kuma ban daɗe ba da aka mai da ni sashen yara masu tsananin ciwo a wani babban asibiti a nan Arewa. Gadonmu goma ne a rubuce, amma tun da damina ta kankama ba mu yin ƙasa da yara goma sha huɗu, wasu bibbiyu a gado. Da dare mu biyu ne kawai.

Makonni biyu da suka wuce, a darena na biyar a jere, wajen ƙarfe biyu, na haɗa allurar seftiriyazon (maganin kashe ƙwayar cuta) ta yara biyu a tire ɗaya. Dukansu sunansu Muhammad, ɗaya kilo 16, ɗaya kilo 6. Na rubuta suna a filasta na liƙa wa kowane sirinji. Kafin in kai musu sai wani yaro ya fara jijjiga, abokiyar aikina kuma tana fama da kanula (robar da ake sawa a jijiya) ta wata jaririya, na ajiye tiren na ruga. Da na dawo na yi wa kowa allura. Sai da na zauna sa hannu a takardar magani na gane na musanya: ƙaramin ya samu miligiram 800 na babban, babban ya samu 300 na ƙaramin. Na kwana a kan ƙaramin ina ƙirga numfashinsa har gari ya waye, Allah ya kiyaye ba abin da ya same shi. Yanzu duk an sallame su.

Na gaya wa wata da ta girme ni a aiki, ta ce tun da ba abin da ya faru in rufa wa kaina asiri, in na kai rahoto takardar tuhuma za a ba ni. Tun daga ranar ba na iya barci, hannuna rawa yake in na ɗauki sirinji. Anti, rashin ilimi ne ya jawo min? In nemi a canza min sashe ko in ajiye aikin gaba ɗaya? Kuma in kai rahoto ko in yi shiru?

Daga ƙanwarki mai damuwa.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan jinya.

Tambayarki ta ƙarshe ce ba ta son jira, don haka da ita zan fara: ki kai rahoto. Dalilai suna tafe, amma akwai abin da na gani a wasiƙarki wanda da alama ke ba ki gani ba. Kin kwana a kan ƙaramin Muhammad, babban kuwa ba ki sake ambatarsa ba. Mu yi lissafi. Miligiram 800 a jikin yaro mai kilo 6 ya kama kusan 133 a kowane kilo. Ya yi yawa, ba musu, amma seftiriyazon ba ya cikin magunguna masu saurin hukunci. Mai sanƙarau ma har miligiram 100 ake ba shi a kowane kilo, don haka allura ɗaya irin wannan da wuya ta yi ɓarna. Babban fa? Miligiram 300 a kilo 16 bai kai 19 a kowane kilo ba, alhali 50 aka rubuta masa, kuma maganin sau ɗaya ake yin sa a yini. Ke nan yaron da aka kwantar don ƙwayar cuta ta kama jikinsa ya yi awa 24 da abin da bai kai rabin maganinsa ba. Da a daren kin kira likitan da ke kan aiki, cikin 'yan mintuna zai duba ƙaramin, ya rubuta a cika wa babban ragowar 500 ɗinsa, magana ta mutu a nan. Tsoro ya sa idonki ya tsaya a kan wanda aka ba da yawa, wanda aka rage wa kuma ya kwana ba mai tunaninsa. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don ki ga abin da shiru yake ci, ko da a ranar da aka yi sa'a.

Sai maganar ilimi. Ki duba abin da kika yi a daren. Kin san maganin, kin lissafa wa kowane yaro daidai da nauyinsa, kin narka shi daidai, kin kawo shi a kan lokaci. Mataki ɗaya ne ya zame, wato tabbatar da wane ne a gabanki, kuma wannan matakin ba karatu ke riƙe shi ba, natsuwa ce. Mai tuyar ƙosan da ta ɗora kasko uku a lokaci guda, ba rashin iya tuya ke ƙona mata ƙosai ba.

Wannan ba lallashi ba ne, an auna shi. A 2010 aka wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci biyu na birnin Sidni a Ostareliya, inda aka bi nas-nas 98 ana kallonsu suna haɗawa da ba da magani sau 4,271. Duk katsewa ɗaya da aka yi wa nas tana tsakiyar aikin, yiwuwar ta yi kuskure a maganin ya ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100. A 2004 kuma wani bincike a Amurka da ya bi nas-nas 393 ya gano cewa wadda ta yi awa goma sha biyu da rabi ko fiye a bakin aiki, haɗarin kuskurenta ya ninka kusan sau uku. To ke an katse ki da yaro mai jijjiga, a dare na biyar, da yara bakwai a wuyanki. A Ingila ƙa'idar sashen kulawa mai zurfi na yara ita ce nas ɗaya ga yaro ɗaya in yana kan na'urar numfashi, nas ɗaya ga yara biyu in sun ɗan fi haka sauƙi. Mu nan mun san inda muke. A Fabrairun 2024 magatakardar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya bayyana cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Aikin da suka bari bai bi su ba, yana nan a kan waɗanda suka rage, ke da abokiyar aikinki a ciki.

Duk da haka ba zan wanke ki tas ba, domin in na yi haka na cuce ki. Sirinji biyu na yara biyu a tire ɗaya, wannan naki ne. Suna ɗaya tal a filasta, a ƙasar da in kika kira Muhammad a ɗakin yara uwa uku za su amsa, wannan ma naki ne. Daga yau yaro ɗaya, tire ɗaya: ki haɗa, ki kai, ki sa hannu, sannan ki taɓa na gaba. A filastar ki rubuta cikakken suna, lambar kati, sunan magani da yawansa. Lambar gado ba shaida ba ce, tun da yara biyu na kwana a gado ɗaya, kuma cikin dare ana ɗauke wannan a kai shi kusa da tukunyar oksijin a kawo wancan. In asibitinku ba ya ba da abin ɗaurawa a hannu mai suna, filasta da biro sun isa: suna da lambar kati a wuyan hannu ko ƙafar kowane yaro tun ranar da aka kwantar da shi. Ranar da masu suna ɗaya suka haɗu, a raba musu gado nesa da juna, a ja jan layi a foldar kowanne, a faɗa da baki wajen miƙa aiki.

Kuma ki canza yadda kike tambayar uwa. In kika ce mata "Muhammad ne ko?", matar da ta kwana uku ba barci za ta ce e ko da ba ta ji ki sosai ba, don tana ganin girmanki. Ki ce "Mama, yaya sunan yaron da na babansa?" ki bari ita ta faɗa. Ki tuna kuma akwai wadda ɗan farinta ne, kunya ba za ta bar ta ta kama sunansa ba, sai dai ta ce Abba ko ta sunkuyar da kai. Kada ki matsa mata, ki ce ta miƙo miki katinsa ki gwada lambar da ta filastar. Iyayen nan, in an ja su a jiki, su ne ido na uku a ɗakin da ba shi da nas ta uku. Uwar da aka gaya wa cewa allurar ɗanta 'yar kaɗan ce a ƙaramin sirinji, sau ɗaya a yini, ranar da ta ga an nufo shi da babban sirinji cike za ta yi magana, in dai ba a saba yi mata tsawa ba.

Idan aka katse ki kina tsakiyar haɗa magani, in kin dawo kada ki ɗora daga inda kika tsaya. Ki koma farko, takarda a hannu ɗaya, sirinji a ɗaya. Sirinjin da kika manta abin da ke cikinsa, ko ba ki tabbata ba, ki zubar. Na san iyaye ne suka saya da kuɗin da suka sha wuya kafin su samu, kuma zubarwar na da ciwo, amma ya fi arha. Ku kuma yi yarjejeniya ke da abokiyar aikinki: lokacin rabon magani ɗaya na kan magani, ɗaya na amsa kira, waya, masu jinya da duk abin da bai kai a ruga ba.

Yanzu in dawo kan ilimi ta wata fuskar, domin a nan ne nake so ki zuba ƙarfinki. Yawan aiki bai rage darajar ilimi ba, ya dai canza irin ilimin da ke da amfani. Abin da sai kin buɗe littafi kike tunawa ba zai zo miki ƙarfe biyun dare ba. Wanda ya zauna a hannunki shi ke zuwa. Kuma maganin yara ya fi na manya tarko, saboda kusan komai sai an lissafa da kilo, sannan a ɗebo ɗan kaɗan daga kwalbar da aka yi don babban mutum. Wani bincike a asibitoci biyu na birnin Bostin, wanda aka wallafa a 2001, ya duba rubutun magani 10,778 na yaran da ke kwance ya samu kuskure 616, kuma kusakuran da ka iya cutarwa sun ninka na manya sau uku, jarirai sababbin haihuwa su suka fi shiga haɗari.

Ba sai kin haddace kantin magani duka ba. Akwai 'yan tsirarun da ba sa ba da damar gyara, su za ki sani kamar sunanki. Fotasiyam mai kauri ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, yana tsayar da zuciya nan take. A cikin ledar ruwa ake zuba shi, a jujjuya sosai don kada ya taru a ƙasa, kuma kwalbarsa ba ta kwana kusa da ta ruwan allura domin sun yi kama. Adirenalin da ke cikin kwalba miligiram 1 ne a mil (mililita) 1. Wajen farfaɗo da yaron da zuciyarsa ta tsaya, ana haɗa mil 1 ɗin da mil 9 na ruwan gishirin allura, sannan a ba da mil 0.1 a kowane kilo. Mai kilo 6 zai samu mil 0.6 na wanda aka sirka. In aka ɗebi wannan mil 0.6 ɗin daga kwalbar ba a sirka ba, an ninka masa sau goma, kuma ido ba zai bambanta sirinjin biyu ba. Ruwan sukari mai ƙarfin kashi 50 ba a tura wa yaro shi haka. Kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na ruwan allura su ke ba da mai ƙarfin kashi 10. Fenitoyin, maganin jijjiga, ba ya shiri da ruwan sukari, kuma a hankali ake ba da shi. Kwinin ba a tura shi gaba ɗaya a jijiya. Farasitamol na jijiya miligiram 10 ne a kowane mil: in likita ya rubuta miligiram 60, mil 6 ke nan, ba mil 60 ba, kuma ba a rataya wa jariri kwalbar mil 100 da niyyar za a dawo a rufe in ya isa. A dare irin naku ba za a dawo ba. Ki ɗebi nasa a sirinji.

Shi kansa seftiriyazon ɗinki yana da nasa sharaɗin da da yawa ba su riƙe ba: ba ya haɗuwa da ruwan da ke da kalsiyam, irin ruwan Ringa, a layi ɗaya, domin suna daskarewa. Ga jaririn da bai wuce kwana 28 ba kuwa, in ana ba shi kalsiyam ta jijiya ba a yi masa seftiriyazon sam, haka ma mai shawara a idonsa ana kauce masa.

Da yake damina ce, atesunet, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ya fi komai yawo a hannunku. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce 2.4, amma har yanzu akwai masu yi wa kowa 2.4 don shi suka koya a makaranta. Kwalbar miligiram 60 da aka saba, in an narka ta da mil 1 na ruwan da ke zuwa tare da ita aka ƙara mil 5 don jijiya, kowane mil na ɗauke da miligiram 10. In mil 2 aka ƙara don allurar tsoka, kowane mil na ɗauke da 20. Magani ɗaya, kwalba ɗaya, ƙarfi biyu.

Akwai wata matsala da ta fi damunmu a nan fiye da ƙasashen da aka yi waɗancan bincike. A asibitocinmu da yawa iyaye ake rubuta wa takarda su je su sayo, don haka abin da aka kawo jiya ba lallai shi za a kawo yau ba. Jentamaisin, wani maganin kashe ƙwayar cuta, na iya zuwa miligiram 80 a mil 2, gobe wani uban ya kawo mai miligiram 20 a mil 2, bambancin ninki huɗu. Atesunet na zuwa 30, 60 ko 120. Nas ɗin da ta haddace "rabin mil ake ba shi" ta riga ta shiga tarko. Miligiram ake riƙewa, mil kuwa sai an karanta jikin kwalbar a kowace rana. A 2006 a wani asibiti a birnin Indiyanafolis na Amurka, an cika akwatin maganin ɗakin bakwaini da hefarin, maganin hana jini daskarewa, mai ƙarfin 10,000 a kowane mil a maimakon mai ƙarfin 10 da ake wanke kanula da shi. Kwalaben sun yi kama, duka takardarsu shuɗiya. Jarirai shida aka yi wa, uku suka rasu, kuma ba nas ɗaya ce ta yi ba, da yawa ne, kowacce ta miƙa hannu inda ta saba ɗauka. Shekara guda bayan nan aka sake irinsa a Los Anjalas.

Ɗigon lissafi ma kisa yake. In aka rubuta .5 ba sifili a gaba, ɗigon ya ɓace a takarda, ya zama 5. In aka rubuta 1.0, ya zama 10. Rubutun da ba ki iya karantawa ba, kada ki yi hasashe, ki tashi likitan ko da zai ɓata rai. Ɓacin ransa zuwa safe ya wuce. Ki riƙe wannan ma'aunin kuma: in lissafinki ya kai ki ga fasa kwalba ta biyu don jariri, ko sirinjin ya cika fiye da yadda idonki ya saba, ki tsaya, akwai magana. Nauyin yaro kuma a ɗora shi a sikeli. Ƙiyasi da shekaru yana zarcewa ga yaranmu masu tamowa, ɗan shekara uku na iya zuwa da nauyin ɗan shekara ɗaya. Ranar da wuta ta ɗauke na'urar tura ruwa ta tsaya kuka koma ƙirga ɗigo, ki tuna soluset, layin ƙarin ruwa na yara, ɗigo 60 ne mil ɗaya, don haka ɗigon da kika ƙirga a minti shi ne mil a awa, layin manya kuwa yawanci ɗigo 20 ne mil ɗaya. Wadda ta ƙirga ɗigon soluset a layin manya ta ninka wa yaro ruwa sau uku.

Duk alƙaluman nan na kawo su ne don ki ga inda ramukan suke. Abin da za ki bi a aiki shi ne rubutun likita da ƙa'idar sashenku. Abin da zan so ku yi shi ne ku zauna da mai harhaɗa magunguna da babban likitan yara, ku fitar da takarda ɗaya ta magungunan nan: yadda ake sirka kowanne, da mil nawa ne ga kilo 3, 5, 8, 10 har sama. Su sa hannu, a rufe ta da leda a manna a ƙofar kabad ɗin magani. Ƙaramin littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da yara a asibiti, bugu na biyu na 2013, yana da irin wannan jadawali a bayansa, kuma kyauta ake sauke shi a waya. Ga waɗannan 'yan tsirarun ne kawai za ku wajabta wa kanku duba na mutum biyu, tun da ku biyu ba za ku iya yi wa kowane magani ba. Amma a yi shi na gaskiya. In kika miƙa wa abokiyarki sirinji kika ce "0.6 ne ko?", za ta ce e, don kin riga kin sa mata amsar a baki. Ki ba ta takardar da kwalbar, ta yi nata lissafin ba ta ga naki ba, sannan ku gwada.

To, rahoton. 'Yar'uwar da ta ce ki yi shiru ba muguwa ba ce, ta ga abin da ya samu wasu ne, kuma ba zan yi miki alƙawarin ba za a ba ki takardar tuhuma ba. A wurare da yawa har yanzu da an ji kuskure sai a nemi wanda za a ɗora wa, shi ya sa kowa ke ɓoyewa, shi ya sa kuma kuskure iri ɗaya ke ta maimaituwa a ɗaki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar magani a 2017 ta ƙiyasta cewa kusakuran magani na cin dala biliyan 42 a duniya kowace shekara, kuma ba a gyara abin da ba a sani ba. In kika yi shiru, tire ɗaya da sirinji biyu na nan, Muhammad biyu za su sake haɗuwa, kuma wata ranar ba seftiriyazon ne a ciki ba.

Akwai kuma kariyar kanki. A 2011 wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a wani asibiti a birnin Lesta na Ingila sakamakon ƙwayar cuta da ta shiga jininsa. Likitar da ke kula da shi, Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya, ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, tana riƙe da ɗakuna da yawa saboda ƙarancin ma'aikata, kwamfutar da ke fitar da sakamakon gwajin jini kuma ta lalace na sa'o'i. A 2015 kotu ta same ta da laifin sakaci, ita da wata nas. An soke lasisin nas ɗin. Ita likitar an cire sunanta daga rajista a Janairun 2018, sai a Agustan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata. Abin da ma'aikatan lafiya da yawa suka ɗauka daga shari'ar shi ne, ranar da abu ya ɓaci sunan wanda ya sa hannu ake nema, yawan aikin da ke kansa kuwa in ba a rubuce yake ba kamar bai faru ba.

Don haka ki sami incaj ɗinku, wato shugabar sashenku, ita kaɗai, ba a gaban mutane ba, ba kuma lokacin zagayen duba marasa lafiya ba. Ki gaya mata da baki, sannan ki rubuta. Rubutun ya zama labari tsura: kwanan wata, lokaci, yara nawa ne a ɗakin, nawa ke kan oksijin, nas nawa, me aka rubuta, me aka bayar, me ya katse ki, yaushe kika gane, me kika yi. Ki faɗi gaskiya cewa ba ki sanar da likita a daren ba. Kada ki zagi kanki a takarda, kada ki rubuta "sakacina ne", kada kuma ki ɗora wa kowa, sunan mai ba ki shawarar shiru ma bai da wuri a ciki. Kyautatawa ce ki gaya mata tun kafin ki je, don kada ta ji a bakin wasu. Foldar yaran kuwa kada ki koma ki goge ko ki gyara komai a ciki, wannan ya fi kuskuren kansa muni, kuma kada ki ɗauki hotonta ki tura wa kowa a WhatsApp. Sanar da iyayen yaran hakkinsu ne, amma babban likita da incaj su ke da alhakin tsara yadda za a yi. Naki shi ne in an tambaye ki kada ki yi ƙarya.

Maganar ƙarancin ma'aikata kuma kada ki kai ta ke kaɗai, kada ku kai ta da kuka. Shugabanni sun saba jin "aiki ya yi yawa", ba ya motsa su. Ku yi wata guda kuna rubutawa a littafin rahoto kowane dare: yara nawa, allurar jijiya nawa aka yi, sau nawa nas ta bar ɗaki don karɓo jini ko neman oksijin, magani nawa ya makara. Sannan ku kai wa shugabar ma'aikatan jinya a takarda ɗaya da sa hannun kowa, ku nemi abin da za a iya bayarwa: nas ta uku da dare daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗaki, ma'aikacin aike da zai riƙa zirga-zirgar ɗakin gwaji, da rage jerin darare. Akwai ma wanda ba ya cin ko kwabo. Maganin da sau ɗaya ake yi a yini, me ya kai shi ƙarfe biyun dare? Yawanci don a wannan lokacin aka kwantar da yaron ne aka ci gaba a haka. Likitoci na iya daidaita lokutan a hankali su koma rana, lokacin da hannu ya fi yawa.

Batun ajiye aiki, kada ki yanke hukunci da idon da bai yi barci ba. Rawar hannun da kike ji sananniya ce ga wanda irin wannan ya same shi, kuma sau da yawa tana lafawa bayan an sauke maganar daga ƙirji. Ki nemi incaj ta haɗa ki da wata babba ku riƙa rabon magani tare na ɗan lokaci har hannunki ya dawo. In wata guda ya wuce barci bai dawo ba, ko gabanki na faɗuwa duk lokacin da kika doshi ƙofar asibiti, ki ga likitan da ke kula da damuwa, ba abin kunya ba ne. Canjin sashe ba laifi ba ne in daga baya kin ga shi ya fi miki, amma ni ban ga dalilinsa a wasiƙar nan ba. In kina son ƙarin karatu, wasu asibitocin koyarwa na tarayya na da kwas na musamman kan jinyar yara bayan karatun farko, kuma cikin kwasa-kwasan da Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta wajabta kafin sabunta lasisi ki riƙa zaɓen wanda ya shafi yara da magani.

In takardar tuhumar ta zo, kada ki amsa ta a tsaye cikin firgici. Ki karanta wa'adin da aka ba ki, ki kai wa wakilin ƙungiyar ma'aikatan jinya na asibitinku ku duba tare, ki amsa da abin da ke cikin rahotonki ba ƙari ba ragi, ki ajiye kwafi a gida. Ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi da incaj ɗin. Allah ya sa a dace.